Ƙanena ya ce ya gaji da duniya, kuma baƙi yake faɗa ma damuwarshi a waya ba ni ba

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan cikin Katsina. Ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya shekararshi 26, ya gama foli ya buɗe shagon POS da kuɗin filin da Inna ta saida ta ba shi, kuɗin suka narke, ga bashi, masu ba da rance ta waya har ni sun turo ma saƙo suna ce mashi ɓarawo. Yarinyar da yake nema kuma an ɗaura mata aure bayan sallah. Tun lokacin ya daina fita ko majalisa ba ya zuwa, abinci sai an yi da gaske. Rannan na je gida ina mashi faɗa sai ya ce mani Yaya ni fa na gaji, da na mutu da kowa ya huta. Na ce ya yi istigfari, na tuna mashi makomar wanda ya kashe kanshi, na ce ya dubi halin da Inna za ta shiga. Ya ce to. Daga ranar bai ƙara ce mani komai ba. Shekaranjiya autarmu ta ce tana jin shi da tsakar dare yana waya yana kuka, da ta matsa mashi ya ce wani layi ne na masu sauraren mutanen da ke cikin damuwa, abokinshi ya ba shi lambar. Wallahi Anti abin ya mani ciwo, ni na goyi yaron nan amma ya zaɓi ya faɗa ma wanda bai sani ba. Kuma ina jin tsoro, su waye mutanen nan? Kar su ƙara tunzura shi, ko su haɗa shi da 'yan sanda, ko su ɓata mashi aƙida. Maigidana ya ce a ƙwace wayar a kai shi wajen malam a yi mashi ruƙiyya. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba shi lafiya, ke ma Allah ya sanyaya maki zuciya.

Kafin komai, wayar nan kar a taɓa ta. Ki roƙi maigidanki don girman Allah ya janye wannan maganar, yaron da ya rufe bakinshi ga uwarshi da yayarshi da abokanshi amma ya iya danna lamba ƙarfe biyun dare ya yi kuka, in aka ƙwace wayar ba a raba shi da tunanin ba, an dai hana shi faɗa ne kawai. Kuma daga yau kar ya ƙara kwana shi kaɗai a shago, a samu wani ɗan'uwa ko aboki da yake sakewa da shi ya riƙa kwana wajenshi. In kuma, Allah ya kiyaye, kuka ga alamar ya sha wani abu ko ya ji ma kanshi ciwo, ba a tsayawa ɗura mashi manja ko madara, ba a sa shi amai, a ɗauke shi sai sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, a tafi da kwalba ko kwalin abin da ya sha likita ya gani. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 kyauta ce, amma in akwai mota ko Keke Napep a ƙofar gida kar a zauna jiran kowa.

To yanzu su waye mutanen nan. Abin ba sabo ba ne, a Landan ya fara. Wani limamin coci ne mai suna Chad Varah, a 1935 yana sabon shiga aiki aka sa shi jana'izar wata yarinya 'yar shekara 14 da ta kashe kanta saboda ta fara al'ada ta ɗauka wata muguwar cuta ce ta kama ta, kuma ba ta da wanda za ta tambaya. Abin ya tsaya mashi a rai shekara da shekaru, sai a watan Nuwamba na 1953 ya ajiye waya a cocinshi ya sanar a jaridu cewa duk wanda ke tunanin kashe kanshi ya kira. Mutane suka fara kira, wasu suna zuwa da ƙafarsu. Akwai waɗanda ke taimaka mashi, su aikinsu kawai su ba baƙi shayi su zauna da su kafin layi ya zo kansu, sai ya lura da yawa in sun gama hira da masu shayin sai su tashi su tafi gida, ba su ma jira ganinshi ba. Daga nan ya gane ba nasiharshi mutane suka zo nema ba, wanda zai zauna ya ji su suke nema, a 1954 ya miƙa aikin ga masu aikin sa kai. Ƙungiyar ita ce Samaritans, yau tana da masu aikin sa kai kimanin 20,000 a Birtaniya da Ireland, dare da rana ana ɗaukar waya. Amurka ma a watan Yulin 2022 ta mayar da nata layin lamba uku, 988, don ya zama da sauƙin riƙewa.

A nan ƙasar akwai SURPIN da ta fara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 2017, akwai Mentally Aware Nigeria Initiative, akwai She Writes Woman da Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016 bayan ita kanta ta yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa ta fito ta faɗa ma duniya. Ki tambayi ƙanenki sunan ƙungiyar da yake kira, cikin natsuwa ba cikin tuhuma ba, ki duba shafinsu ki ga lambar ta yi daidai da wadda ke can. Na gaskiya ba za su ce ya turo kuɗi ba, ba ruwansu da BVN ɗinshi ko lambar sirrin banki, ba za su ce ya zo su haɗu a wani otal ba, ba kuma za su ce ya guji danginshi ba. In kika ji ɗaya daga cikin waɗannan to wannan wani abu ne daban.

Bari in ba ki hoton abin da ke faruwa in mutum ya kira, don na ga yawancin tsoronki rashin sanin me ake ce mashi ne. Wanda ke ɗaukar wayar galibi mutum ne irina irinki, malamin makaranta, nas, ɗalibi, ɗan fansho, wasu layukan kuma ma'aikatan lafiya ne ke ba da lokacinsu kyauta. Ba a ba shi waya sai an horar da shi makonni, ana gwaji ana kwaikwayon mai kira, sannan ya fara aiki wani tsohon hannu na kusa da shi. Abu mafi wuya da ake koya masu shi ne riƙe baki. Mutum ya kira ya yi shiru minti biyar ba abin da ake ji sai numfashi ko shassheka, ba za su kashe ba, ba za su ce malam yi magana mana ba, sai dai can su ce ina nan, ba sauri nake ba. In ya fara magana ba a katse shi, ba a ce mashi ai wane ya fi ka shiga uku, ba a ce bashin nawa ne ma da za ka ɗaga hankalinka. Sukan maimaita mashi abin da ya faɗa da tasu kalmar, kamar su ce in na fahimce ka abin da ya fi ci maka rai ba bashin ba ne, fuskar mahaifiyarka ce duk safiya. Mutumin da ya yi watanni yana juya abu cikin kanshi shi kaɗai, ranar da ya ji wani ya faɗe shi daidai, wani nauyi yakan sauka.

Sannan sai su yi tambayar da mu a gida ba ma iya yi. Kai tsaye, ba kwana-kwana: kana tunanin kashe kanka? In ya ce e, muryarsu ba ta canzawa, ba salati da ƙarfi ba kuka, sai su ci gaba da tambaya. Tun yaushe? Ka tsara yadda za ka yi? Abin yana kusa da kai yanzu? Ka taɓa gwadawa a baya? Akwai wani a gidan? Waɗannan tambayoyin da su ake gane bambanci tsakanin wanda tunanin ke zo mashi yana wucewa da wanda daren nan ne hatsarin yake. In abin na hannunshi, aikinsu na farko su lallaɓa shi ya nisanta da shi, ya fitar da shi daga ɗakin, ya ba wani ya ajiye, ko ya fito tsakar gida inda mutane suke, suna kan layi har ya yi.

Na san nan ne zuciyarki za ta ce ai wannan tunzurawa ce, an sa mashi abin a kai. An yi bincike kan wannan ba sau ɗaya ba sau biyu ba, kuma abin da aka gano shi ne tambayar mutum ko yana tunanin kashe kanshi ba ta shuka mashi tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo mashi. Wanda ba ya tunanin zai ce a'a haba dai, wanda ke yi kuma ya samu wanda bai tsorata da shi ba. Wata mai bincike a Jami'ar Columbia ta Amurka, Madelyn Gould, ita da abokan aikinta sun bi diddigin masu kira sama da 1,000 da ke tunanin kashe kansu, sakamakon ya fito a 2007, suka ga niyyar mutuwa tana raguwa tun kafin a ajiye wayar, yanke ƙauna da raɗaɗin zuciya kuma suka ci gaba da raguwa a makonnin da suka biyo baya.

Kafin a yi sallama sukan tsara wani ɗan shiri tare da shi, shi ke faɗa su suna taya shi. Waɗanne alamu ne ke nuna maka abin ya fara tasowa? In ya taso me za ka iya yi da kanka na ɗan lokaci, alwala, fita ƙofar gida, sauraren karatu, kallon ƙwallo? Ina za ka iya zuwa ka zauna cikin mutane ko da ba za ka ce komai ba? Wa za ka iya tasa daga barci? Wane asibiti ne kusa? Wasu layukan har suna neman izini su sake kira washegari su ji ya ya kwana. Kuma ki lura da tambayar nan ta wa za ka iya tasa daga barci, don duk mai aikin da ya san abin da yake yi ƙoƙarinshi ya maido mai kiran wajen mutanenshi ne, ba ya riƙe shi a waya ba. Ba mamaki an riga an tambaye shi ko akwai wanda ya yarda da shi a gida, ba mamaki kuma sunanki ya fara zuwa bakinshi ya haɗiye.

Dalilin da ya sa duk wannan ke aiki, tsananin nan na son mutuwa ba ya zama a ƙololuwa kullum, yana hawa yana sauka. Da yawa daga waɗanda suka yi yunƙuri suka rayu sun ce tsakanin yanke shawara da aikatawa bai kai awa ɗaya ba, wasu ko minti goma bai kai ba. Kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka yi yunƙuri suka tsira ba ta wannan hanyar suke mutuwa daga baya ba. Kinga kenan in an samu an raka mutum ya tsallake daren, an yi babban aiki. Mai ɗaukar wayar kamar wanda ya ɗaure ma mutum rauni a bakin titi ne kafin a kai shi asibiti, bai warkar da shi ba amma ya hana jinin ƙarewa.

Yanzu ciwon da kika ji. Na yarda ya yi ciwo, amma ki sake karanta abin da ya ce maki: da na mutu da kowa ya huta. Wannan maganar wanda ya ɗauki kanshi kaya ne a kan mutanen da yake ƙauna, kuma masana suna lissafa wannan jin cikin manyan alamun hatsari. Shi a lissafinshi ya cinye filin Inna, ya jawo maki zagi a waya, ya zama abin nuni a unguwa. Ta yaya zai zo ya ƙara ɗora maki wani? Baƙon da ke waya bai saida fili ba, ba zai fashe da kuka ba, ba zai kira Kawu da Goggo ba, ba za su haɗu gobe wajen suna ko ɗaurin aure a riƙa kallonshi da gefen ido ba. Kuma kin san tarbiyyarmu, namiji ba ya kuka, ƙani ba ya buɗe cikinshi gaban yaya. Duk da haka ke ya fara faɗa ma, kar ki manta da wannan. Ya gwada ki kafin ya gwada lambar.

Abin da kika mayar mashi kuwa shi ne abin da kusan kowa a cikinmu zai mayar, tsoro ne ya yi magana da bakinki. Amma gaskiya ita ce bai taimaka ba. Yaron da ya yi Islamiyya ya san hukuncin tun yana ɗan shekara goma, ba jahilci ke damunshi ba, kuma da kika ce ya dubi Inna, ai kallon Innar ne ke hana shi barci. Wannan "to" ɗin da ya ce maki ba tuba ba ce kuma ba sauƙi ba ne, rufe magana ce. Hukunci yana nan yadda yake ba wanda ya isa ya canza shi, amma ki duba Suratu Maryam aya ta 23, lokacin da naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino ta ce ina ma na mutu kafin wannan na zama abin mantawa. Me aka ce mata? Kar ki yi baƙin ciki, ga ruwa, girgiza dabino, ki ci ki sha ki kwantar da hankalinki. Ita kanta ayar da ta hana kashe kai a Suratun Nisa'i, aya ta 29, da rahama aka rufe ta. Don haka zama ki saurare shi bai saɓa ma addini ba ko kaɗan.

Maganar aƙida, ko Samaritans da limamin coci ya kafa, doka ce a wajensu mai ɗaukar waya ba ya cusa ma mai kira addininshi ko ra'ayinshi. In mai kira ya ce sallah ce ke riƙe shi, da ita za su yi aiki, su tambaye shi wane malami yake jin daɗin magana da shi. In kuma Turanci ke mashi nauyi, ya tambaya ko akwai mai jin Hausa, kuka da harshen uwa ya fi fita.

Maganar 'yan sanda ba zan ce maki tsoron banza ba ne. Sashe na 231 na Penal Code, dokar hukunta laifuka da Arewa ta gada, ya ɗauki yunƙurin kashe kai laifi da za a iya ɗaure mutum har shekara ɗaya, a Kudu kuma sashe na 327 na Criminal Code ne. Ni a ganina wannan doka ba abin da take yi sai sa iyalai ɓoye maras lafiya a ɗaki, Ghana ta soke tata a 2023, mu ma likitoci da lauyoyi sun daɗe suna kiran a soke. Marigayi Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta ba maras lafiya haƙƙin a riƙe sirrinshi a kuma mutunta shi. Amma ki sani tunani ba laifi ba ne a kowace doka, faɗin shi ma ba laifi ba ne, kuma layukan nan ba ofishin 'yan sanda ba ne, aikinsu gaba ɗaya ya dogara ne kan riƙe sirri. Inda yawancinsu ke neman agajin waje shi ne in rai na cikin hatsari a wannan lokacin, nan ma suna fara ƙoƙarin samun yardar mai kiran. A Amurka hukumar da ke kula da 988 ta ce ƙasa da kashi 2 cikin 100 na kiraye-kirayen ne ke kaiwa ga a haɗa da masu agajin gaggawa. Shi ma yana da damar ya tambaye su ƙa'idarsu kan wannan, za su faɗa mashi.

Sai dai waya tana da iyaka. Ba sa ganinshi, ba sa rubuta magani, wata rana sabis zai ɗauke, wata rana kati zai ƙare ko a kira ba a ɗauka ba, wata rana ya faɗa hannun wanda bai iya ba. Sauran aikin naku ne na gida, kuma akwai wanda ba mai iya yi sai ke.

Ki je gida gobe, ba da tawaga ba, ke kaɗai. Ki kai mashi abin da kika san yana so ko da fura ce, ki zauna a shagon nashi, kar ki tsaya a kanshi. Ki ce wane, rannan ka faɗa mani magana mai nauyi na rufe ka da wa'azi, tsoro ne ya kama ni, yau na zo in ji ne. Ki ce na ji kana kiran wasu mutane kuma na ji daɗi da ka samu inda kake magana. Sannan ki tambaye shi da kalmar kanta, kana tunanin kashe kanka? Daga nan ki kama bakinki. Zai yi shiru, ki bar shirun. In ya yi magana kar ki gyara mashi, kar ki ce haba, kar ki yi mashi alƙawarin abin da ba ki da iko a kai. In hawaye ya zo maki ba laifi, amma kar ya zama shi ne zai koma lallashinki. In ya ce ki rantse ba za ki faɗa ma kowa ba, kar ki rantse, ki ce ba zan yaɗa ka a dangi ba amma ranka ya fi ƙarfin in riƙe ni kaɗai, mu zaɓi mutum ɗaya ko biyu tare. In ya ƙi magana ranar farko ki ce zan dawo jibi, kuma ki dawo ɗin.

Kafin ki bar gidan ki zagaya ke da wanda kika yarda da shi. Maganin ƙwari na gona, na sauro, na ɓera, tarin ƙwayoyin Inna na hawan jini ko na suga, duk abin da kika san yana da hatsari, ki kwashe ki tafi da shi gidanki, na Inna a bar mata na kwana kaɗan a inda ita kaɗai ta sani. Mutane suna raina wannan, su ce wanda ya yi niyya ai zai nemo wata hanya, amma ba haka abin ya nuna ba. Sri Lanka tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu kashe kansu a duniya a 1995, da gwamnati ta haramta mafi dafin magungunan ƙwari sai adadin ya faɗi fiye da rabi cikin shekara 20, kuma noma bai tsaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, mafi yawansu a ƙasashe irin namu, kuma nisanta mutum da abin cutarwa yana cikin abubuwan da ta fi jaddadawa.

Ku sa ido kan wasu alamu. In ya fara bin mutane yana neman yafiya ba gaira ba dalili, ko ya fara rabar da kayanshi, waya, agogo, takalmin da yake ji da shi, ko kwatsam ya tashi fes yana fara'a bayan watanni yana ƙunci alhali ba abin da ya canza, kar ku ce alhamdulillahi ya warware ku saki jiki. Wannan ranar ce za a ƙara matsowa kusa a sake tambayarshi.

Asibiti kuwa cikin makon nan, kar a ce sai an ga yadda hali ya yi. Daina fita, daina cin abinci, rashin barci, ganin kai ba shi da amfani, in sun wuce mako biyu alamun ciwon damuwa ne kuma ana maganinshi. Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, tsohon FMC, ku ce likitan ƙwaƙwalwa kuke son gani. In ya ce yana jin kunyar a gan shi a gari, ga Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau a Kano, ga na Barnawa a Kaduna. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka za ku yi jira, ku tafi da haƙuri. A bar shi ya shiga shi kaɗai in yana so, kuma ki ja mashi kunne ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in yana taɓa tiramol ko sirof ko ganye don ya samu barci ya faɗa ma likita, waɗannan suna ƙara hatsarin sosai. In an ba shi magani yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinshi, makonnin farkon nan ana ƙara kula da shi, maganin ya zauna a hannun wani a riƙa ba shi, kuma ba a dainawa don an ji sauƙi sai likita ya ce.

Ruƙiyya ban hana ba. A yi mashi addu'a, a karanta mashi, shi ma in zai iya ya karanta ma kanshi, amma tare da asibiti, kuma wajen malamin da ba ya duka, ba ya turara hayaƙi a rufe mutum a ɗaki, ba ya sa mari. Mu nan ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga gidajen mari a Daura da cikin Katsina a watan Oktoban 2019. Maigidanki kuma ba mugunta ta sa ya faɗi abin da ya faɗa ba, so yake ya yi wani abu, to ki ba shi abin yi. Shi ya ɗauke su a mota zuwa asibiti, shi ya zauna da yaron su rubuta bashin kaf a takarda, wa ake bin nawa, wanne ne na gaggawa wanne zai jira. Masu rancen wayar nan da ke tura ma dangi saƙon zagi ba su da wannan hurumin, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi a kansu kuma ta sha ɗaukar mataki, a adana saƙonnin kar a goge. Inna kuma ba sai an zayyana mata komai lokaci ɗaya ba in kina tsoron jininta, amma in har ta yafe kuɗin filin a zuciyarta, ta kira shi ta faɗa mashi da bakinta, kar a aiko ki.

Ke ma kina iya kiran irin wannan layin, suna amsa 'yan'uwan da ke cikin fargaba, kuma ki samu wanda za ku riƙa karɓa-karɓa don ba za ki iya gadin mutum dare da rana ga gidanki ga yara ba. Autar nan taku kuma da ta ji kukan yayanta da tsakar dare ta zo ta faɗa maki, ki gode mata, ki tabbatar ba a bar mata gadin ba, ki kuma tambaye ta ita ya take kwana tun daga ranar. Ki rubuto mani bayan kun ga likita.